Tarihin Kiwon Tururuwa a Lambunan Lemo na Kudancin Sin

Shekaru ɗaruruwa kafin a san maganin feshi, manoman lemo na kudancin ƙasar Sin sun kasance suna shiga kasuwa su sayi gidajen tururuwa da kuɗinsu, su rataya su a rassan itatuwan lambunansu, domin tururuwar ta farauce ƙwarin da ke ɓata musu 'ya'yan itace. Masana tarihin noma suna ɗaukar wannan al'ada a matsayin mafi daɗewa cikin rubutattun shaidu na abin da a yau ake kira yaƙi da ƙwari ta hanyar halitta, wato sakin wata halitta mai farauta a kan wata mai ɓarna maimakon a zuba guba. Al'adar ta haifar da sana'a sukutum, mai mafarautanta da 'yan kasuwarta da kayan aikinta, kuma kowane mataki nata ya ginu ne a kan wata ɗabi'a ta zaman jama'ar wannan tururuwa, wadda manoman suka fahimta daidai tun kafin masana su raɗa mata suna.

Tururuwar da ake magana a kanta ja ce mai ratsin rawaya, doguwar ƙafa gare ta, kuma ba ta haƙa rami a ƙasa kamar tururuwar da ke jan hatsi a gonakin ƙasar Hausa. A saman itace take haihuwa, a can take farauta, a can kuma take mutuwa. Masana suna kiran jinsinta Oecophylla, wanda ya kasu gida biyu: smaragdina, da ke rayuwa daga Indiya da kudancin Sin har zuwa arewacin Ostareliya, da kuma longinoda, da ke yankunan Afirka masu wadatar ruwan sama. Ma'aikatanta, waɗanda dukkansu mata ne da ba su ne masu haifar da al'umma ba, iri biyu ne. Akwai manya, masu tsawon milimita 8 zuwa 10, waɗanda ke farauta da gini da tsaro, akwai kuma ƙanana, masu kusan rabin wannan tsawon, waɗanda galibi ke zama cikin gida suna renon ƙwai da tsutsotsi. Ba ta da ƙari irin na zuma ko rina, amma tana cizo da ƙarfi, sa'an nan ta fesa wani ruwa mai ƙuna a kan wurin cizon, wanda shi ne ke sa raɗaɗin da duk mai hawan itacen da take ciki ya sani.

Ginin gidanta shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalin duk wanda ya tsaya ya kalla. Idan ma'aikatan suka sami ganyaye biyu da ke kusa da juna, sai su yi sahu a bakin ɗaya, su kafa ƙafafunsu, su ciji bakin ɗayan su ja. Idan kuwa tazarar ta fi ƙarfin jikin guda, sai wannan ta kama ƙugun waccan da muƙamuƙinta, waccan ta kama na gaba, har su zama sarƙa mai rai wadda ke gajarcewa a hankali har ganyayen su haɗu. A daidai wannan lokaci sai wata ƙungiya ta fito daga tsohon gida, kowace ma'aikaciya riƙe da tsutsa guda wadda ta kusa rikiɗa, tana ɗan taɓa ta da gashin nan biyu na kanta, tsutsar kuwa tana fitar da zare mai danƙo daga bakinta. Ma'aikaciyar takan yi ta kai ta tana komo da ita tsakanin bakin ganyayen biyu kamar yadda masaƙi ke jefa ƙoshiya, har dubban zaruruwa su zama farin ƙyalle mai riƙe ganyen gam. A yawancin tururuwa masu yin zare, tsutsa tana amfani da shi ne ta naɗe kanta kafin ta rikiɗa, amma a wannan jinsi tsutsar ta kan ba da zarenta duka ga ginin gida, ta rikiɗa tsirara a cikin ɗakin da zaren nata ya rufe. Ganyayen suna nan da ransu a jikin reshe, kuma da zarar sun bushe sai a tashi a gina sabo.

Gida ɗaya ba shi ne al'umma ba, kuma wannan ne mabuɗin fahimtar sana'ar da ta biyo baya. Al'umma guda, wato zuriyar sarauniya ɗaya, tana iya kai ma'aikata rabin miliyan, ta mallaki gidaje fiye da ɗari a warwatse a kan itatuwa da dama, alhali sarauniyar tana zaune a gida ɗaya tak, ana kwasar ƙwanta ana rarraba wa sauran. Binciken da Bert Hölldobler da Edward Wilson suka wallafa a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa ma'aikatan suna sanar da juna labarin abinci, ko sabon wuri, ko shigowar abokin gaba, ta hanyar warin da suke shafawa a kan hanya da kuma motsin jiki iri daban-daban, suna kuma ɗiga alamomi masu daɗewa a kan ganye da reshe domin shata iyakar ƙasarsu. Gidajen da ke bakin iyaka tsofaffin ma'aikata ne suka fi yawa a cikinsu, su ne kuma farkon masu fita idan an kawo hari. Duk ƙwaron da ya sauka a cikin wannan iyaka ana yi masa taron dangi, a kama ƙafafunsa ta kowace fuska a miƙe shi har ya mutu, sa'an nan a ja shi zuwa gida.

Mafi daɗewar ambaton cinikin wannan tururuwa yana cikin wani littafi a kan tsirrai da itatuwan kudu mai suna Nanfang Caomu Zhuang, wanda ake jingina wa Ji Han, wani ma'aikacin daular Jin, ake kuma cewa ya kammala shi a shekarar 304 miladiyya. A babin da ya yi magana a kan wani irin lemo mai zaƙi, marubucin ya bayyana cewa mutanen Jiaozhi, yankin da a yau yake arewacin Biyetnam, suna kawo tururuwa kasuwa a cikin jakunkunan tabarma, tare da gidajenta da rassan da suke manne a kai, kuma ya nuna cewa itacen da ba shi da ita ƙwari suna lalata 'ya'yansa. Akwai masanan da suke ganin littafin, a yadda ya iso hannun mutane, an harhaɗa shi ne a wani zamani na baya, wataƙila a ƙarni na 12, kuma hujjojinsu ba na yasarwa ba ne. To amma wannan saɓani bai girgiza asalin labarin ba, domin wasu marubuta biyu na daular Tang, wato Duan Chengshi a ƙarni na 9 da Liu Xun a ƙarshen wancan ƙarnin, sun ambaci al'adar a nasu littattafan. Ko da an ajiye shekarar 304 a gefe, sana'ar ta haura shekara dubu da ɗari ɗaya a rubuce.

Bayanin da ya fi kowanne kusantar da mai karatu ga masu sana'ar shi ne na Zhuang Jiyu, wanda ya yi rubutu a wajajen shekarar 1130, a zamanin daular Song. Ya faɗi dalilin tattalin arzikin da ke ƙarƙashin al'adar, wato ƙarancin ƙasar noma a kewayen birnin Guangzhou, wanda ya sa mutane suka dogara ga lemo don samun kuɗi, har ya zama ɓarnar ƙwari a gare su asarar abincin shekara ce. Ya kuma bayyana dabarar mafarautan tururuwar: sukan sami mafitsarar alade ko ta tunkiya, su zuba kitse a ciki, su buɗe bakinta su ajiye kusa da gidan tururuwar, su jira har ta cika da masu kwasar kitsen, sa'an nan su ɗaure bakin su nufi wurin masu lambu. Wannan dabara ta nuna sanin ɗabi'a ƙwarai, domin ma'aikaciya guda da ta ɗanɗana kitsen ita ce za ta koma ta shata hanyar wari ta kirawo ɗaruruwa, ta yadda mafarauci ba ya bukatar ya taɓa gidan balle ya sha cizo.

Akwai tambayar da ta kamata a yi a nan, ita ce me ya sa ciniki ya ɗore har tsawon ƙarnuka, tunda tururuwa halitta ce mai hayayyafa, wadda a zato saye ɗaya ya isa. Amsar tana cikin tsarin al'ummar da kuma yanayin ƙasar. Mafitsarar da ta cika da ma'aikata, ko gidan da aka yanko daga daji, da wuya ya ƙunshi sarauniya, kuma rundunar da ba ta da sarauniya takan yi aikinta na 'yan watanni ne kurum, ta ƙare a hankali ba tare da magada ba. Bayan haka, lardin Guangdong yana kusa da iyakar arewa ta inda wannan tururuwa ke iya rayuwa, kuma sanyin hunturu yakan kashe ta a kan itatuwan lemo masu ƙarancin ganye. Saboda haka mai lambu dole ne ya koma kasuwa kowace bazara, mutanen tsaunuka kuma, waɗanda suka san inda al'ummun daji suke, suka sami hanyar abinci mai maimaita kanta duk shekara. An lura cewa a wani yanki na lardin Fujian, inda ake dasa lemon zaƙi a gauraye da wani babban lemo mai kaurin ɓawo da duhun ganye, tururuwar takan fake a cikin wannan duhun ta tsallake hunturu, manoman wurin kuma suka huta da sayen shekara-shekara.

Ƙari mafi muhimmanci da aka yi wa sana'ar shi ne gada. A ƙarshen ƙarni na 17 Qu Dajun, marubucin wani babban littafi a kan lardin Guangdong, ya bayyana yadda masu lambu suke haɗa itace da itace da tsagin gora domin tururuwar ta riƙa ƙetarewa. Hikimar wannan a fili take ga wanda ya san halinta, domin ba ta son sauka ƙasa, inda wasu tururuwan ke iya rinjayarta, kuma lambun da aka dasa a jere da tazara ba shi da rassan da ke taɓa juna kamar na kurmi. Gorar ta mayar da lambu ya zama kurmi guda a wurin tururuwar, ta yadda gida ɗaya zai tsare itatuwa da yawa. Sai dai gadar tana da sharaɗi, wanda masu kiwon wannan tururuwa a ko'ina suka koya da asara: kowace al'umma tana da warinta, kuma idan aka haɗa itatuwan al'ummu biyu da gada ɗaya yaƙi ne zai ɓarke, gawawwaki su zube a gindin itacen, lambun ya rasa masu gadinsa daga ɓangarorin biyu.

Ilimin Turai ya iso wannan fage a makare. Joseph Banks, masanin tsirran da ya raka Kyaftin Cook, ya ga tururuwar tana jan ganye a gaɓar Ostareliya a 1770, ya yi mamakin ƙarfinta, amma bai gano inda zaren yake fitowa ba. Sai a 1890 Henry Ridley ya bayyana, daga abin da ya gani a Singafo, cewa tsutsotsi ne ke ba da zaren, Franz Doflein kuma ya tabbatar da haka a Siri Lanka a 1905. Labarin makamanciyar al'ada ya riga ya iso Turai daga wata fuskar, domin a rubuce-rubucen Peter Forsskål da aka wallafa a 1775 an ambaci manoman dabino na Yaman da suke ɗauko wata tururuwa mai farauta daga duwatsu su sa a kan dabinonsu. Na Sin kuwa ya shiga mujallun masana ne a 1882 ta hannun Henry McCook na Filadalfiya, shekaru kaɗan kafin Amurka ta yi nasarar da ta yi suna da ita, lokacin da aka kawo wani ƙaramin ƙwaro mai farauta daga Ostareliya a 1888 da 1889 ya ceci lambunan lemo na Kalifoniya. Littattafai da yawa sun fara ƙidayar tarihin wannan fanni daga Kalifoniya, kuma wannan rashin adalci ne ga manoman Guangdong, waɗanda suka riga su da fiye da shekara dubu. Cikakken bayanin farko na kimiyya a kan kiwon nasu ya fito ne a 1924, daga Groff da Howard, malamai a kwalejin da ta zama Jami'ar Lingnan a Guangzhou.

Abin da ya ɗore ƙarnuka ya kusa shuɗewa cikin shekara ashirin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu magungunan feshi na zamani, irin su DDT, suka bazu a duniya, kuma a shekarun 1950 da 1960 mafi yawan masu lambu a kudancin Sin suka rungume su, tunda feshi ba ya cizo, ba ya kuma bukatar jiran mutanen tsauni. Maganin bai bambanta mai ɓarna da mai gadi ba, ya kashe su tare. Da tafiya ta yi tafiya sai ƙwarin suka fara jure maganin, kuɗin feshi ya yi ta hawa, aka wayi gari wasu manoma, musamman a gundumar Sihui ta Guangdong, sun koma wa tururuwarsu. Masana suka bi su lambu suka auna, suka tabbatar cewa tana maganin manyan ƙwari, irin su wani koren ƙwaro mai wari da ke tsotse lemo ya sa shi zubewa, da tsutsotsi masu cin ganye. Sun kuma faɗi aibinta, wanda bai kamata a ɓoye ba: ba ta kashe ƙananan ƙwarin nan masu manne wa reshe suna fitar da ruwa mai zaƙi irin na darɓa, tana ma kiwon su ne domin ta sha ruwan. H. T. Huang, abokin aikin Joseph Needham a babban aikin tarihin kimiyyar Sin, shi da Yang Pei suka tattara wannan tarihi duka a wata maƙala da suka wallafa a 1987.

A kudancin Biyetnam, a yankin da kogin Mekong ke shiga teku, al'adar ba ta taɓa yankewa gaba ɗaya ba. Manoman wurin suna ɗaura igiya tsakanin itatuwa a madadin gora, suna rataya wa tururuwar hanjin kaza ko na kifi idan abinci ya yi ƙaranci da rani, kuma sun daɗe suna cewa lemon da ta yi gadinsa ya fi sheƙi da ruwa. A Tailan kuwa tsutsotsinta abinci ne mai tsada a kasuwa, a Indunusiya kuma ana sayar da su don ciyar da tsuntsayen keji. Tun daga shekarun 1990 Renkang Peng da Keith Christian suka nuna a arewacin Ostareliya cewa ana iya tafiyar da manyan gonakin kashu da mangwaro da ita, in dai an gano iyakar kowace al'umma an raba su.

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan labari, hasali ma wata muhimmiyar shaida ta daɗewar wannan tururuwa a nan aka tono ta. A tsibirin Mfangano da ke tafkin Victoria a Kenya, Mary Leakey ta gano ragowar wani gida da ya zama dutse, mai ɗauke da tururuwa da tsutsotsi fiye da 300, wanda Wilson da abokin aikinsa Taylor suka yi bayaninsa a 1964, kuma ya nuna cewa rabon ma'aikata zuwa manya da ƙanana yana nan tun fiye da shekara miliyan 15 da suka wuce. A Zanzibar, inda ake kiranta majimoto, wato ruwan zafi, Michael Way ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa itatuwan kwakwar da take zaune a kai sun tsira daga wani ƙwaro da ke zubar da ɗanyun 'ya'ya, ya kuma lura cewa share ciyawar gindin itace ƙarƙaf yana buɗe wa tururuwan ƙasa hanya su kore ta. A gonakin koko na Ghana, Dennis Leston ya bayyana a farkon shekarun 1970 yadda manyan jinsunan tururuwa suke raba saman gona tsakaninsu yanki-yanki, da yadda yankin wannan tururuwa yake da ƙarancin ƙwarin da ke busar da rassan koko.

Batun ya ƙara nauyi ga Afirka ta Yamma bayan da wani ƙudan 'ya'yan itace ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003, ya iso Jamhuriyar Benin a 2004, ya kuma bazu a yankin baki ɗaya, har da Nijeriya da Nijar. Macen wannan ƙuda tana huda mangwaro ta saka ƙwai a ciki, ya ruɓe da tsutsa tun yana sama ko bayan ya isa kasuwa, kuma shi ne sanadin ƙin karɓar kaya masu yawa da aka nufi Turai da su. Binciken da Paul Van Mele da Jean-François Vayssières da abokan aikinsu suka yi a lambunan Borgou, a arewacin Benin, wanda aka wallafa a 2007, ya nuna cewa ɓarnar ƙudan tana raguwa ƙwarai gwargwadon yawan tururuwar a kan itace. Wani binciken da ya biyo baya ya gano cewa ba farauta ce kaɗai ke aiki ba, domin ƙudan yana jin warin alamomin da tururuwar ta bari a jikin mangwaron, ya ƙi sauka.

Duk da haka, a lambuna da yawa na Afirka ta Yamma har yau ana cinna wa gidajenta wuta ko a feshe su, kuma dalilin ba jahilci ba ne, cizo ne. Mai tsinkar mangwaro, wanda sau da yawa yaro ne ko mace mai neman na cefane, shi ke shan raɗaɗin, alhali ribar lafiyayyen mangwaro ta mai lambu ce, kuma duk shawarar da ta yi watsi da wannan bambanci ba za ta karɓu ba. Masu tsinka a wurare da dama sun riga sun san maganin abin, wato shafa toka a hannu da ƙafa, da barbaɗa ta a reshen da za a taka, da yin amfani da doguwar gora maimakon hawa. Manomin Guangdong ya sayi wannan tururuwa da kuɗi kowace shekara saboda hunturu yana kashe masa ita, amma a yankunan Afirka ta Yamma inda take rayuwa babu irin wannan hunturu, kuma tana zuwa lambu da sarauniyarta ba tare da an biya ko kwabo ba. Ya kamata malaman gona na Nijeriya da Nijar da Ghana su sa sanin iyakokin al'ummunta, da ɗaura igiya tsakanin itatuwa, da kare masu tsinka daga cizo, a cikin darussan da suke koya wa masu lambun mangwaro da kashu da lemo, kafin su rubuta musu sunan wani maganin feshi.